Malam Da'ira da Masu Wankin Bakin Rafi

Haihuwa da karatu

An haife shi a shekarar 1958 a wani ƙaramin gari da jirgin ƙasa ke ratsawa ba ya tsayawa. Mahaifinsa malamin asibiti ne, mahaifiyarsa tela. Ya kammala digirin farko a 1981.

Aure

A 1986 ya auri wata ma'aikaciyar ɗakin karatu, wadda ta buga masa kundin digirinsa na uku da tafireta a 1990.

Aiki

A 1991 jami'a ta ɗora masa horar da ɗaliban digiri na uku a kan binciken da ake yi tare da jama'a, inda masu matsala ke nemo sanadinta da kansu, su gwada magani, a zauna a duba, a sake gwadawa. Ya fitar da teburin malami daga aji, ya jera kujeru a kewaye, laƙabin Da'ira ya bi shi. Ya kuma kafa ƙa'ida cewa ba a buga ko layi guda sai jama'ar da aka yi aikin da su sun amince baki ɗaya.

Masu wanki

A 1997 ya soma horar da ƙungiyar masu wanki da guga na bakin rafi, waɗanda hannayensu ke tsattsagewa. Su suka riƙa ɗibar ruwa a kwalabe, suka bi rafin har bakin bututun wata masana'antar jima. Da wannan aiki ya sa ran zama farfesa, domin kwamitin ƙarin girma takardun da aka buga kawai yake ƙirgawa.

Ranar neman izinin buga binciken, shugaban ƙungiyar ya ce, "Malam, in duniya ta ji ruwan nan guba ne, wa zai sake kawo mana wanki? Kai? Rigarka ma biyu ce." Aka yi dariya, aka ƙi.

Duk shekara yana komawa, ana karɓarsa da mutunci, ana ƙi. Matarsa takan ce, "Maigida, dokar nan fa kai ka rubuta, ba saukar da ita aka yi ba." Ɗalibansa suka gaji, suka koma wurin malaman da ke bincike ta hanyar raba wa jama'a takardun tambayoyi. Ɗaya daga cikin ɗaliban nan ne ya shugabanci kwamitin da ya ƙi shi karo na ƙarshe.

Rasuwa

Ya yi ritaya a 2023 ba tare da muƙamin ba, ya rasu a 2024 bayan doguwar jinya. An binne shi da yamma a maƙabartar bayan tasha. Masu wanki ne suka ɗauki makara.

Wajen ta'aziyya shugabansu ya durƙusa ya ce, "Uwargida, mun zauna, mun amince, a buga. Ai rafin ya ƙafe, injin wanki ya cinye sana'ar."

Ta ce, "An gode. Kun san inda yake, sai ku je ku gaya masa."

Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu: ungozoma, makanike, malamar firamare, da auta, wanda ya buɗe shagon wanki da inji.