Shuɗin Da Ya Maƙale A Gefen Dutse

Ba ta taso da sana'ar ba, aure ne ya kai ta. Mijinta mai yankan duwatsu masu daraja ne a wani ɗan shago mai taga ɗaya. Da ciwon ido ya raba shi da gani, sai ta ja kujerarsa ta zauna gaban faifan guga. Tun ana yi mata dariya har aka koma kiranta Mai Faifai.

Shekaru ta kwashe tana goge ƙananan duwatsun zobe. Ran nan ƙanenta mai haƙar ma'adinai ya faɗo shagon, laka har gwiwa, ya ajiye mata dutse kamar ƙwan tantabara. Yaƙutu ne, amma fari-fari, shuɗinsa ya maƙale a gefe guda.

"Yaya, dillalai sun ce a gasa shi a wuta, launin zai fito."

"Gasassu sun cika kasuwa," in ji ta. "Wanda ake nema ruwa a jallo shi ne wanda Allah ya rina da kansa, ga girma, ba tsaga, ba duhu. Bar min shi."

Ta miƙa wa mijin, ta ɗora yatsansa a kan gefen mai launi. Ya shafa, ya jujjuya.

"Nan za ki mayar gindi. In shuɗin ya zauna a tsinin ƙasa, haske zai ɗauko shi ya raba wa ko'ina. In kuwa hannunki ya goce, mun samu na jifan kaji."

"Haba Malam, addu'a za ka yi min, ba tsoratarwa ba."

Sai da faifai ya cinye fiye da rabin dutsen. Ƙanen in ya leƙo, dafe kai yake yi ya juya. Ranar da ta gama, ta wanke shi ta ɗaga a taga. Shuɗi ne tun daga sama har ƙasa, mai zurfi, mai laushin gani. Ihun da ta saki har maƙwabtansu tela da mai gyaran agogo suka rugo.

"Ya fito?" in ji mijin.

"Ya fito, Malam! Wallahi ya fito!"

Masu gwaji suka tabbatar wuta ba ta taɓa shi ba. Labari ya bazu, aka kai dutsen wata ƙasa mai nisa, inda mutane ke bin layi su kalle shi ta bayan gilashi.

Yanzu faifai uku ke juyawa a shagon, mata ne duka a kansu. Mijin na zaune a bakin ƙofa, duk mahaƙin da ya zo da dutse sai ya ce masa, "Yi haƙuri ka jira, akwai na gabanka."