Ƙafar Ƙarfen Baffa Sale

A shekarun da nake magana, tun Turawa ba su sauka daga mulki ba, tun ba a tare ruwan Tiga ba, ƙauyenmu da ke gefen Badafi a ƙasar Ƙiru bai san wani inji ba sai keken ɗinki da motocin gyaɗa masu bi ta Kwanar Dangora. Wurin kallonmu da saurarenmu shi ne ɗakin kakata, Inna Tabawa. Wutar ɗakinta ba ta mutuwa rani da damina. Da rani saboda ƙasusuwanta, da damina kuwa saboda sauro, sai ta ɗora ɗanyen ganye a kan garwashi, hayaƙi ya turnuƙe mu, muna tari muna jin daɗi. Da an idar da sallar lisha, mu da yaran maƙwabta sai mu cika tabarmarta, tana murza mazari tana ba mu tatsuniya.

Zana ce kawai ta raba ɗakinta da na Baffa Sale, autanta, ƙanen mahaifina. Kafin abin ya same shi, babu saurayin da makaɗa ke kira a gona kamarsa. Wata shekara ya tafi cin rani ya zama yaron mota, motar ta kife, aka yanke masa ƙafar dama a ƙasan gwiwa a wani asibiti a Kano. Ya dawo da ƙafar ƙarfe mai maɗaurin fata, ƙarshenta siriri kamar kan sanda. In yana tafiya a daɓe, sai ka ji ƙwas, sannan shiru, sannan ƙwas. Mu yara tsoronta muke ji. Mun gaya wa juna cewa in ya kwance ta da dare, ita kaɗai take zagaya tsakar gida.

Mutanen garinmu sun yi masa kirki iyakar saninsu. Da damina ta faɗi, suka yi masa gayya, suka nome masa gona tas, ba su ma yarda a dama musu fura ba. Amma gayya tana da ƙa'ida. In za a yi ta, mai gona yakan kai wa Sarkin Noma goro, shi kuma ya raba wa kowane magidanci da kowane saurayi. Wanda ya karɓi goro ya ɗauki alkawarin fita da garmarsa, kuma wanda aka yi wa yau, gobe shi zai yi wa wani. To, ɗan aiken Sarkin Noma sai ya shigo gidanmu, ya ba mahaifina nasa, ya gaida Baffa da ladabi, “Sannu, Sale, ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi,” ya wuce. Suna ganin nauyinsa suke ji. Wa zai kai wa mai ƙafa ɗaya goron aiki?

Baffa ya daina fita. Ya daina zuwa dandali, ya koma yin sallah a ɗaki. Har aka fara jin yana cewa in damina ta wuce zai tafi kudu, inda ba wanda ya san shi da ƙafa biyu. Inna Tabawa ta san in ya tafi ba zai dawo ba.

Wani maraice ta kira ni. Mijinta take ce mini, irin wasan kaka da jika.

“Maigida, yau ka gayyato mini jikokin Sarkin Noma duka. Ka ce ina da dafaffiyar gurjiya.”

“Inna, ina kika samu gurjiya a wannan lokaci?”

“Wanda ya kasa kawo cefane ba ya tambayar inda aka samo. Tashi ka tafi.”

Suka zo, ɗaki ya cika. Ta ajiye mazari, abin da ba ta saba yi ba, ta juya fuskarta wajen zana, ta ɗaga murya fiye da kullum.

“Ga ta nan ta taso, ku matsa mata ta zauna.”

“Ta zauna mu ji ta!”

Ta ce wai an yi wani maƙeri da Allah bai ba shi ɗa ba. Da ƙarfinsa ya fara ƙarewa, sai ya tara tsofaffin garemani da fatanyu, ya narke su, ya ƙera mutum. Ya sa masa zugazugi a ƙirji, ya zuba masa garwashi a ciki, ya hura. Mutumin ƙarfe ya miƙe ya ce, “Baba, ina aiki?” Aka sa masa suna Ƙarfau. Ba ya ci, ba ya sha, ba ya gajiya. Ya nome gonar maƙeri, ya tsallaka ta maƙwabci, kafin wata ya mutu ya nome gari kaf. Mutane suka koma inuwa suna dara. Ba wanda ya taɓa ce masa sannu, don ba a gaida fartanya. In ana rabon goron gayya, sai a tsallake shi, a ce ai shi ko ba a kira shi ba zai zo.

Ƙarfau ya tambayi maƙeri dalili. Maƙeri ya ce, “Ɗana, goro na wanda aiki ke ci wa jiki ne. Kai ba abin da yake ci maka.”

Wata shekara ruwa ya yi yawa, tsatsa ta cinye masa gwiwa, ƙafarsa ta ɓalle a tsakiyar gona. A lokacin maƙeri ya rasu. Gari ya rabu biyu. Wasu suka ce a narke shi a yi lauje. Masu tausayi suka ce haba, ya yi mana wahala, a jingine shi a gindin tsamiya ya huta. Aka jingine shi, kowa ya zo wucewa sai ya ce, “Sannu, Ƙarfau.”

Nan Inna ta tsaya ta gyara itace a wuta.

“Ku faɗa mini, masu narkewa da masu jinginewa, su wa suka fi cutarsa?”

Muka yi ta musu. Ba ta raba mana gardama ba, ta ci gaba. Ta ce Ƙarfau ya ja jiki da hannu har bakin daji, ya karyo reshen marke, ya ɗaure a gwiwa da igiyar rama. Ya tashi ya faɗi. Ya sake ɗaurewa, ya tashi ya faɗi. Sai da ya koyi tafiya kamar jariri, sannan ya ɗingisa har ƙofar Sarkin Noman garin ya ce, “Da ina noma gari, ba ku ba ni goro ba. Yanzu kunya ɗaya ta gona ita ce iyakar ƙarfina, kuma sai ta ci mini jiki. Ku ba ni gorona.” Aka ba shi. Ranar gayya kowa ya kai ƙarshen gona, shi yana tsakiya. Makaɗi bai ajiye ganga ba sai da ya iso.

Ƙaramin jikan Sarkin Noma ya ce, “Inna, to ƙarfe yana cin goro?”

“Kai da kake da haƙora talatin, me ka nome yau? Riƙewa ya yi a hannu, ja'iri. Ba don ci ake bayarwa ba.” Ta ɗauki mazarinta. “Ta ƙare, kan ɓera ya shige rami. Ku tafi gida, kuma kowa ya ba kakansa labari kafin ya kwanta.”



Da aka tashi gayya ta gaba, Sarkin Noma bai aiko kowa ba. Da kansa ya yi sallama a zaure, ya ce a kira masa Sale. Ya miƙa masa goro ya ce, “Jibi gonar Malam Habu. Huɗa ce. In ka makara, makaɗi zai yi da kai.” Da zai fita ya ɗaga murya yadda za a ji a cikin gida: “A gaida Inna. A ce mata saƙo ya iso, har da bakin yara.”

Ba zan ce abin ya zo da sauƙi ba, don a gabana aka yi. Ƙasa ta sha ruwa. Baffa ya ɗaga garma, ya kafta, ya taka, sai siririn ƙarshen ƙafar ya lume a ƙasa har maɗauri. Ya zare da ƙyar, ya sake takawa, ta sake lumewa. A karo na gaba ya kife a kan garmarsa. Samari suka yo kansa, wani ya kama hannu, wani ya kama ƙotar garma.

“Kawo, Sale, ka je inuwa. Ai ka gwada.”

“Sakar mini garma.”

“Don Allah, ɗan'uwa...”

“Na ce ka sakar mini garma!”

Bai gama ko rabin kunya ba ranar. Ya dawo gida fatar maɗaurin ta jiƙe da jini. Mahaifina ya shiga wurin Inna ransa a ɓace, ya ce, “Inna, kin ga abin da tatsuniyarki ta jawo. An mai da shi abin kallo.” Ta ce, “Ya faɗi a gona, ko ya faɗi a ɗaki? Wanda ya faɗi a gona yana da abin dafawa ya tashi.” Ta dafa ruwan bagaruwa ta wanke masa dungun da hannunta, ba ta ce masa sannu ba. Abin da ta ce kawai, “Auta, ƙafar nan an yi ta ne don daɓen asibiti. Wanda ya ƙera ta bai taɓa huɗa ba.”

Da gari ya waye ya tafi maƙera da ƙafar a kafaɗa, yana dogara sanda. Shi da maƙerin garinmu suka yi ta gwaji. Suka fara da katako, ya tsage. Suka sa faffaɗan ƙarfe, ya yi nauyi, laka ta riƙe shi. Daga ƙarshe suka yanko bakin tsohuwar garma, suka buge shi ya yi faɗin tafin raƙumi, suka ɗan lanƙwasa gabansa sama don kada ya kama ƙasa. Inna ta gurje auduga ta yi masa matashi a cikin maɗaurin. Kullum da asuba yana gonar bayan gida shi kaɗai, yana koyon yadda zai jefa nauyinsa a kan ta hagu kafin ya kafta.

Gayyar ƙarshe ta shekarar, ya fita. Shi ne na baya, nesa ba kusa ba. Samarin da suka gama suka tsaya a bakin gona, hannuwansu na ƙaiƙayi, Sarkin Noma ya ce duk wanda ya taɓa kunyar Sale sai ya nome gonar nan shi kaɗai baɗi. Makaɗi ya bi shi a baya yana kiransa da tsohon kirarinsa. Da ya kafta ta ƙarshe, ya zauna a ƙasa yana haki, ya ce, “Ina furar? Ko ita ma tausayina ake ji?” Bai tafi kudu ba. A garin ya yi aure, a garin aka binne shi da furfura.

Daga baya sana'ar kayan injuna ta kai ni ƙasashe. Na shiga masana'antar motoci a Jamus, na ga hannuwan ƙarfe suna walda ba ci ba sha, na ce a raina, ga Ƙarfau kafin tsatsa. A Japan na ga mutum-mutumi yana rusuna wa baƙi a ƙofar kanti, yara na shafa kansa. Na kalli finafinansu da harsuna daban-daban. Na Turawa yawanci tsoro ne, kada abin da suka ƙera ya yi wayo ya juya musu. Na mutanen gabas sun fi son ya zama aboki. Duka dai tambayarsu ɗaya, yaushe ƙarfe zai zama mutum? Kakata kuwa, tsohuwar da ba ta taɓa wuce Bebeji ba, abin da ya dame ta daban ne: yaushe mutane ke mai da ɗan'uwansu kayan ajiya, kuma da kyakkyawar niyya?

Ban gane zurfin wannan ba sai da likitoci suka sa mini ƙarfe a ƙugu. Na warke, ina tafiya, amma sai na ga an daina nemana. A masallaci a kawo mini kujera, a gida a ce, “Baba, ka huta.” Kwanan baya samarin unguwa suka fito yashe kwata kafin ruwa ya sauka, suna bi gida gida suna kiran mutane. Suka zo ƙofata, na ji ɗaya ya rage murya ya ce, “Ku bar Alhaji, ba shi da lafiya.”

Na ɗauki shebur na fito. Shugabansu ya rugo yana cewa, “Haba Baba, mu muna nan ai.”

Na ce, “Na gan ku. Nuna mini daga ina zuwa ina ne nawa, kuma kada wanda ya taɓa mini.”

Ya dubi 'yan'uwansa, ya dube ni. Sannan ya ja layi da ƙafarsa a ƙasa, daga bakin ƙofata zuwa gindin darbejiya.