Ranar da Tsohon Ba'indiye Ya Shimfiɗe Ni

Akwai wata Asabar da har in mutu ba zan manta da ita ba, don ranar ce bayana ya fara taɓa ƙasa.

Na yi kokawa a ƙauyenmu ina saurayi, kuma tun da na zo garin Greensboro na ƙasar Amurka ba wanda ya huta da labarin. A masallaci, a gidan suna, a wurin aiki, maganar ɗaya ce: ba a taɓa kayar da ni ba. Matata ta ji har ta haddace, amma ba ta taɓa gani da idonta ba.

Da muka koma McLeansville, wani ƙaramin gari kusa da Greensboro, sai muka yi maƙwabci, wani tsoho Ba'indiye, gajere mai kaurin wuya. Ya zuba jar ƙasa a bayan gidansa, kullum da safe yana kaftarta, yana yayyafa mata mai da kurkur. Na tambaye shi me zai shuka. Ya yi dariya ya ce filin kokawa ne. Zuriyarsu kaf 'yan kokawa ne tun zamanin sarakunansu na da, kamar yadda dambe yake na mahauta a wajenmu. Har ya nuna mini wani abu na ƙahon ɓauna mai tsini-tsini, wanda kakanninsa ke ɗaurawa a dunƙulen hannu su gwabza a gaban sarki.

Bakina da ba ya shiru, na ce ai ni ma gwani ne. Nan take ya ce mu gwada ranar Asabar.

"Baba, ka rufa wa kanka asiri," na ce masa. Mutumin da ko nama ba ya ci, sai madara da wake! Don tsabar rawar kai har na gayyato Alhazai biyu daga masallacinmu, matata ta dama fura.

Da muka shiga fili ya ɗebi ƙasa ya shafa mini a kafaɗu, wai gaisuwarsu ke nan. Muka kama. Wallahi kamar na rungumi turmi! Da ƙyar na samu na sa masa ƙafa, gwiwarsa da hannunsa suka dafa ƙasa. To, a wajenmu an gama ke nan. Na sake shi, na juya wajen matata, na ɗaga hannu na fara kirari.

Ban kai ƙarshen baiti ba na ji ƙafafuna sun bar ƙasa. Na ga sama, na ga rufin gida, sai tim! Ashe su a wajensu sai kafaɗu biyu sun kwanta ake cewa an yi kaye. Guɗar da matata ta ɗauko ta maƙale, ta koma dariya har da riƙe ciki. Ɗaya Alhajin ya leƙo kaina ya ce, "Malam, kirarin ya ƙare ne, ko mu jira sauran?"

Kunya ta kama ni, raina ya ɓaci. Na miƙe zan ce cuta ce, sai na ga tsoho yana share hawaye.

"Ɗana," in ji shi, "'ya'yana ɗaya likita ne, ɗaya sai kwamfuta. Shekara da shekaru ina gyaran ƙasar nan, ba wanda ya shigo ta sai kai."

Fushin ya bi iska. Na ce masa Asabar mai zuwa ya jira ni.

Daga ranar na koyi cewa kafin ka shiga filin wani, ka tambayi inda wasansa ke ƙarewa. Sunan da na yi shekaru ina gadinsa kuwa, da ya tafi ba abin da ya rage ni da shi, uba na samu a maƙwabta. Yanzu in baƙo ya tambaya ko gaskiya ne ba a taɓa kayar da ni ba, matata ke riga ni amsawa: "Ni dai kowace Asabar sai na wanke jar ƙasa a bayan rigarsa."