Baba Ayuba, Sila da Rigimar Harsuna

Duk daɗewar da na yi a aikin bishara, akwai rana guda da ba ta taɓa fita raina ba. Ita ce ranar da na tsaya cikin laka har gwiwa ina tura amalanke, rigimar da ta gagari wa'azina kuma tana warwarewa a gaban idona. Ku da kuke shirin fita aiki, bari in ɗauko muku labarin daga tushe.

A lokacin ina zaune a Tasawa, ina pasto mai zagaya. Ga wanda bai san tsarinmu ba, ikilisiyoyin ƙauyuka ƙanana ne, 'yan gidaje kaɗan a tsakiyar maƙwabta Musulmi, ba su da ƙarfin riƙe pasto nasu. Dattijon ikilisiya ke jan sujada ranar Lahadi, ni kuma in bi su da moto, wato babur, ɗaya bayan ɗaya, daga yankin Tasawa har cikin Mayahi, in yi baftisma, in ba da jibin Ubangiji, in ɗaura aure. In an sami saɓani, dattawa ne ke fara zama a kai. In ya fi ƙarfinsu su kai wa babban pasto na yanki, shi kuma ya tura ni, in dawo masa da rahoto.

Tsakiyar wata damina babban pasto ya kira ni biro, wato ofishinsa. Ya ce akwai wata ikilisiya a wani ƙauye arewa da Urafan da ke shirin rabewa biyu a kan baiwar harsuna.

"Ka tahi ka zauna da su," in ji shi. "Kar ka ba kowa gaskiya ran da ka isa. Ka fara saurare."

Baiwar harsuna, kamar yadda muke koyarwa, ita ce mutum yana cikin addu'a sai Ruhu Mai Tsarki ya ba bakinsa magana da harshen da bai koya ba, shi kansa sau da yawa bai san ma'anarta ba. Wani saurayi magidanci mai suna Sila, wanda ke jan waƙa a majami'ar, ya je taron farfaɗowa a Maraɗi ya dawo da wannan baiwa. Samari suka bi shi. Dattijon ikilisiyar kuwa, Baba Ayuba, ya ce ba a majami'ar da ya gina da hannunsa ba. Ya hana Sila jan waƙa. Sila kuma ya miƙe a gaban jama'a ya ce duk wanda bai yi magana da harsuna ba Ruhu bai sauko masa ba, busasshen itace ne. Kowa ya san wa yake nufi.

Na isa ranar Juma'a, na fara da gidan Baba Ayuba. Na ɗauka taurin kan tsufa zan tarar. Ashe ba haka ba ne. Bayan mun sha fura sai ya ce:

"Pasto, uwata 'yar bori ce. Ina ƙaramin yaro ni ke riƙe mata zane wurin wasa. Na ga idonta ya juye, na ji wata murya na fita bakinta wadda ba tata ba. Na kira ta, na ja hannunta, ba ta san ni ba. In iska ta hau mutum, ko ɗansa ya faɗa wuta ba ya waiwayowa. Abin da na gudo ma ke nan na zo ga Yesu. Yanzu kuma in zamna in ji shi cikin ɗakin Allah?"

Na yi masa sallama. Na wuce wurin Sila. Shi ma ba ɗan iska ba ne. Da hawaye ya gaya mini yadda addu'arsa ta kasance a bushe shekaru, sai a taron nan ya ji kamar an buɗe masa rijiya a ƙirji. Abin da ya ƙona shi, Baba Ayuba, tsohon da ya koya masa karatu, shi ne ke ce masa mai aljanu.

Ranar Lahadi na yi wa'azin da nake ganin ban taɓa yin mai kyansa ba. Na ce baye-bayen Ruhu iri-iri ne, yana raba su yadda ya ga dama, wani koyarwa, wani taimako, wani harsuna, kuma babu wanda aka ba duka. Na ce harsuna baiwa ce ta gaskiya, ba a hana ta, amma ba ita ce ma'aunin mai bi ba. Ma'auni shi ne 'ya'yan Ruhu, wato halin da yake haifarwa a cikin mutum: ƙauna, haƙuri, kirki, kamun kai da 'yan'uwansu. Da aka tashi, samari suka fita suna cewa Pasto ya ce ba a hanawa. Tsofaffi suka fita suna cewa Pasto ya ce ba ita ce ma'auni ba. Kowa ya yanki rabin da ya yi masa daɗi. Baba Ayuba da Sila ko gaisawa ba su yi ba. Na yanke shawarar washegari in koma Tasawa in ce na kasa.

Litinin da safe aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya, bai ɗauke ba sai da hantsi. Ina jiran ƙasa ta tsane in hau moto, sai ungozomar ƙauyen ta aiko a kira ni gidan Sila. Matarsa Hannatu tana naƙuda tun jiya, haihuwar fari, kuma ungozoma ta ce ɗan ya kwanta a gicciye, abin ya fi ƙarfinta. Na hau tudu na sami rezon salula, na kira gidan likita. Suka ce za su turo mota, amma iyakarta babbar hanya, don kwarin da ke tsakaninmu ya cika da ruwa. Sai mu kai ta can da kanmu.

Mace a wannan hali ba ta hawa moto. Amalanken shanu ake bukata, kuma mafi kusa na Baba Ayuba ne. Na ga Sila ya dubi gidan tsohon, ya sunkuyar da kai, ya juya zai nufi wata unguwa neman aro. Bai yi nisa ba muka ji ƙarar ƙafafun amalanke. Baba Ayuba ne, ya riga ya ɗaure bijimansa, ya shimfiɗa tabarma da katifarsa ta kwana a kai.

"Mi kake tsaye kana kallo?" ya ce da Sila. "Ɗauko ɗiyata mu tahi."

Muka kama hanya. Hannatu na kwance, ungozoma na riƙe da kanta, Sila a gefenta, tsoho na kora shanu, ni ina biye a ƙasa. Da ciwon ya tsananta ta fara kiran uwarta, sai Sila ya rufe ido ya shiga addu'a. Ya fara da Hausa, can harshen ya juye. Na dubi Baba Ayuba. Wuyansa ya sandare, amma ya ci gaba da kora.

A tsakiyar kwari ƙafar amalanke ta hagu ta nutse. Amalanken ya karkace, ruwa na neman taɓa katifa, ungozoma ta ƙwalla ƙara. Baba Ayuba ya diro cikin ruwa har ƙugu ya kama igiyar bijimin, ya ɗaga murya:

"Sila!"

"Na'am, Baba!"

Kafin ya rufe baki yaron ya buɗe ido, ya diro, ya sa kafaɗa ƙarƙashin amalanken. Tsoho ya ce ya ɗaga hagu, ya ɗaga hagu. Ya ce ya dakata, ya dakata. Na shiga na kama baya. Wani makiyayi da ke kiwo a bakin kwarin ya yar da sandarsa ya shigo ba tare da ya tambayi ko mu su waye ba. Muka yi ta fama. Tsohon nan, mai ciwon gwiwa, wanda ko tashi daga kujera sai ya dafa, ya zame ya faɗi cikin laka, ya tashi, ya sake zamewa, bai saki igiya ba. Yana lallashin shanunsa da sunayensu, yana ce wa Hannatu ta yi haƙuri, saura kaɗan. Can bijiman suka yunƙura gaba ɗaya, laka ta saki, amalanke ya haura tudu. Makiyayin ya ce Alhamdu lillahi, mu muka ce Halleluya, duk a numfashi ɗaya.

Mota na jiran mu a bakin hanya. Aka ɗauki Hannatu da ungozoma da Sila, mu kuma muka zauna gindin wani gawo, jikinmu duk laka. Baba Ayuba na haki. Da ya huta sai ya ce:

"Pasto, ka ji ya amsa?"

Na ce na ji.

"Kira guda na yi. Shina tsakiyar abin nan, ya ji ni, ya san ni, ya san matatai. Wanga ba hawan iska ba ne." Ya share fuska da hularsa. "Ban san ko mi ne ba, amma ba abin da na gudo ma ba ne."

Da la'asar salulata ta yi ƙara. An yi wa Hannatu aiki, an ciro ɗiya mace, uwa da ɗiya suna lafiya. Tsohon ya ɗaga hannuwa sama ya fashe da waƙar yabo da muryarsa mai kaushi, har shanu suka waiwayo.

Na nemi izinin babban pasto na tsaya har Lahadi. Majami'a ta cika, har da waɗanda suka daina zuwa saboda rigimar. Ban kai ga buɗe baki ba Sila ya fito ya durƙusa gaban Baba Ayuba.

"Baba, na kira ka busasshen itace. Da idona na ga 'ya'yan da ke jikinka. Ka yafe mini."

Tsoho ya ɗaga shi, ya ce shi ma ya ɗora masa sunan da ba nasa ba. Ya kama hannunsa ya kai shi gaba, wurin jan waƙa. Mata suka ɗauki guɗa, aka buga ganga, sujadar da aka saba gamawa kafin azahar ta kai mu la'asar.

Bayan haka muka zauna da dattawa da samari muka shimfiɗa tsari, wanda na kai wa babban pasto ya amince. Mai baiwar harsuna ya yi addu'arsa, ba mai hana shi. In a cikin taro ne, a yi bi da bi, kuma sai in akwai mai fassarawa, don kowa ya amfana. Ba wanda zai ƙara auna ɗan'uwansa da ita. Baba Ayuba har ya koma ga Ubangiji bai taɓa magana da harsuna ba, kuma ban ƙara jin wanda ya yi shakkar Ruhun da ke cikinsa ba. Ikilisiyar da aka aike ni in ga rabuwarta, yau tana da pastonta.

Ƙannena cikin aiki, za ku je wurare ku tarar da mutane suna jayayya da ayoyi. Kada ku yi saurin jefa musu wata ayar. Ku zauna ku ji abin da ke bayan gardamar, don sau da yawa tsohon tsoro ne a gefe ɗaya, sabon farin ciki a ɗaya gefen, kuma dukansu na gaskiya ne. Ku koyar da abin da yake daidai ko da kun ga bai shiga ba, sannan ku yi haƙuri ku zauna kusa. Shuka tamu ce. Ranar da itace zai nuna 'ya'yansa, Mai gona ne ya san ta.