Gurnanin da Ke Cikin Faifan Amm Salihu

Har gobe ba zan manta da ranar da na kori Baba Usman na minti goma ba. Ƙarshen shekarun 1970 ne, ina da shago a unguwar Harra ta Yamma, a Madina. Nakan sayo tsofaffin rediyo da garmaho a haraj, wato kasuwar gwanjo, a gyara in sayar. Baba Usman ne mai gyaran, Bahaushen Sudan, wanda ya yi ƙuruciyarsa a gabashin Saudiyya yana kula da na'urar kiɗa a kulob ɗin Amurkawa masu aikin mai. Ƙa'idar shagona, kaya ba ya fita sai ya gwada ya ce ya yi.

Ran nan da hantsi sai ga Amm Salihu, wato Baffa Salihu, mai gonar dabino a unguwar Awali, ya dire garmahon da na sayar masa. Ɗansa Halidu ya zo da faifai daga Amurka, da suka sa, sai jitar da ake kaɗawa a waƙar ta kama gurnani kamar an shaƙe rago.

"Ya Idrisu, ni za ka sayar wa lalataccen kaya?"

Muka sa faifan. Gurnani kam yana nan. Kunya ta kama ni, a gaban maƙwabta na ce, "Baba, kunnenka ya gaji. Halas, shi ke nan, tattara kayan aikinka."

Bai ko kalle ni ba. Ya mayar da allura farko, ya rufe ido, ƙafarsa na bin kiɗan. Can ya yi dariya.

"Na san waƙar nan tun ba ka yi gemu ba, mu'allim, maigida. Wasu samari ne baƙar fata a kudancin Amurka, farkon shekarun hamsin. Sun cushe a mota za su je ɗaukar murya, akwatin sautin jitarsu ya bugu a hanya, lasifikar ta tsage. Babu wata, sai suka cusa mata takarda suka buga haka nan. Mai ɗaukar ya ji, ya ce kada kowa ya taɓa. Waƙar ma kirarin mota ce. Daga baya har da gangan wasu ke huda lasifika don neman wannan gurnanin."

Amm Salihu ya ce, "Tatsuniya!"

Baba ya ce, "Ya Abu Halidu, saurari ƙaho da muryar mawaƙin. Tas suke. In lasifikarmu ce ta tsage, jita kaɗai za ta zaɓa?"

Na aro sabon garmaho a maƙwabta, muka ɗora faifan. Gurnani bai ragu ba. Amm Salihu ya ce, "Ɗayyib, na yarda. Sake sa min daga farko."

A gaban mutanen da na ci masa fuska, a nan na ba Baba haƙuri. Ya ce in aiko shayi, mai madara.

Abin da nake gaya muku kullum ke nan, ku masu sayar da kaya: in kaya ya dawo, ku fara tambayar mai gyara kafin ku yanke masa hukunci. Ni ƙarfe da waya na sani. Shi ya san abin da ke fitowa daga cikinsu, har da takardar da aka cusa shekara ashirin da wani abu kafin faifan ya iso Madina.