Na'a-na'ar Gwaggo Asabe

Kun dai san Gwaggo Asabe, yayar babanmu: a gidanta ba a alwala a bakin rariya. Ko kai waye, buta za ta miƙo maka ta nuna maka gindin mangwaro, inda na'a-na'arta ta malale ƙasa. Inuwar wurin ta hana komai fitowa, sai 'yan rassan nan da ta roƙo wajen wani mai lambu a bakin kogi. Su kam suka kama, suka yaɗu, shekara da shekaru.

Ranar da mijin 'yarta ya zo gaisuwa daga Lajawa, ya tsuguna a rariya da butarsa. Gwaggo ta ajiye kunyar suruki ta leƙo.

"Malam Habu, ruwan da ya wanke fuskar mai salla za ka ba kwata?"

Bawan Allah sai da ya sake alwala!

Wata safiya aka tarar an cinye gefe guda na shukar. Ta yafa mayafi ta bi gidajen maƙwabta, tana buɗe bakin awaki tana sansanawa. A gidan Tabawa ta tsaya, ta riƙe bakin wata akuya.

"Ga ɓarauniyar!"

"Haba Gwaggo, ina shaida?"

"Matso ki ji. Ke kanki bakinki bai kai nata ƙamshi ba."

Rigima babba ita ce da ɗanta Sani ya kawo mai sare mangwaron, wai inuwa za ta hana sola caji. Ta san in rana ta buɗe wurin, shukar ta ƙone. Ta shimfiɗa tabarma a gindin bishiyar ta zauna.

"Inna, wuta fa za ki samu."

"Wuta? Abin da nake neman tsari da shi kullum?"

A kan ɗakin awaki aka kafa solar.

A jinyarta ta ƙarshe ta daina ci, ta daina gane mu. Sani ya yi ta kira, shiru. Na fita na tsinko ganye, na murje shi kusa da hancinta. Can sai ta buɗe ido ta dube ni sosai.

"Hajara ce? Tsoho kika tsinko. Toho ake tsinka, 'yar nan."

Muka yi dariya muna hawaye. Ban ƙara jin muryarta ba.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata, ya sanyaya makwancinta. Amin.