Tsintsiyar da Ta Shiga Kwamfutata

A gidanmu ba a mayar da kayan aro da datti. Inna ce ta kafa dokar, kuma da bayan ludayi ta koya mana ita. Ka ari tukunya, ka kankare ta har gindi. Ka ari kwano, ka wanke shi tas, kuma kada ka kuskura ka mayar da shi wayam, ko barkono ne ka jefa a ciki. Yayata ta ɗauki dokar nan ta wuce da ita inda Inna ta tsaya. In ta ari turminki, ranar da ta dawo da shi sai kin rantse sabo aka sassaƙo miki.

Ni ce autar gidan, ina koyarwa a wata firamare a Birnin Kudu. Yaya tana aure a cikin garin Gwaram, ɗinki take yi. Baba yana ƙauyenmu ta wajen Zandam, tare da 'yan shanun da suka rage masa da idon da ya fara gazawa.

Ina da wata tsohuwar kwamfuta da na saya a hannu don buga tambayoyin jarrabawa. A shekarar da Inna ta yi ta ƙarshe a duniya, duk hutun da na je gida sai in ajiye ta a gefen tabarma in ɗauki muryarta. Inna ba ta yarda da hoto ba, ko a biki aka ɗaga waya sai ta ja mayafi ta juya baya. Da wayo na same ta, na ce so nake ta koya mini daddawa tun daga wanke kalwa har zuwa daka. Ai kuwa ta saki baki. Ana cikin daddawa sai a shiga labarin aurenta, daga nan a koma faɗa da awaki, a dawo kan daddawa. Da Allah ya karɓi abarsa, muryar nan ita kaɗai ta rage mana, kuma a cikin kwamfutar nan kaɗai take. Ni kaina ban taɓa iya kunnawa ba tun bayan rasuwar, zuciyata ba ta ɗauka.

Ana saura makonni kaɗan babbar salla Yaya ta zo ta ari kwamfutar. Wai masu kawo ɗinki sun ishe ta da sababbin yayi, fuskar wayarta kuma ta yi mata ƙanƙanta, ba ta ganin yadda aka yanka wuya. Na nuna mata yadda za ta haɗa ta da intanet ɗin wayarta, ta tafi.

Ranar da ta dawo da ita, a naɗe take cikin sabon ƙyallen atamfa, ga kwalbar man shanu a gefe. Ko'ina an goge, har tsakanin haruffa an bi da tsinke da auduga.

"Auta, ga kayanki," in ji ta. "Amma ke ƙazama ce wallahi. Ashe cikinta cike yake da datti, ke ko a jikinki. Ita da kanta ta faɗa mini, har da hoton tsintsiya. Na ce ba 'yar Inna ce za ta mayar da kayan aro haka ba. Na danna, na wanke miki ita ciki da waje."

Na yi dariya na yi godiya, ban kawo komai a raina ba. Tana ɗaura mayafi za ta tafi ta ƙara da cewa ta je gida ranar Juma'a, Baba ya yi mata wata magana. Cewa ya yi, "An ce muryarta tana wajen auta." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ya koma jan carbinsa. Wanda ya san Baba ya san wannan roƙo ne babba, don mutum ne da ko ruwa ba ya cewa a ba shi. Nan take na ce ta aika masa cewa ranar Asabar ina tafe da ita.

Washegari da na taso daga makaranta na kunna kwamfutar don in daure in gwada muryar kafin tafiya. Tana buɗewa sai ga wani jan allo ya cika fuskarta, da tsintsiya tana kai da komo, da wata ƙara kamar ta motar asibiti. Turancin ba ya da wuya: kwamfutarki ta kamu, datti ya yi mata katutu, duk abin da ke ciki yana gab da lalacewa, sa lambar katin banki yanzu a ceto ta. Ga wasu lambobi suna ta hawa a gefe. Na rufe, wani ya buɗe. Na sake rufewa, biyu suka fito. Da ƙyar na lallaɓa na kai ga inda nake ajiye muryar Inna. Na buɗe, babu komai a ciki.

Innalillahi! Na zauna daɓas a ƙasa. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba tun ranar rasuwar Inna, da aka kira ni aka ce in zo gida. Sai kuma fushi ya biyo baya. Ni dai Allah ya yi ni da zafin kai, kowa ya sani, ɗalibaina ma sun fi kowa sani. Na ɗauki waya zan kira Yaya, bakina cike da magana, sai idona ya faɗa kan kwalbar man shanun. To me zan ce mata? Don me kika yi abin da uwarmu ta koya miki? Na ajiye wayar, na ɗauko katin bankina, na ce ko nawa ne su ɗauka su dawo mini da uwata.

Allah ya taimake ni ban kai ga buga lambobin ba. A nan ne na tuna da taubashiyata, 'yar kawuna, wadda take koyar da kwamfuta a wata makarantar gaba da sakandare a nan Birnin Kudu. Tsakanina da ita ba a gaisuwa sai da tsiya, tun muna yara. Amma ran nan tana jin muryata ta bar wasa.

"Kin sa katin?"

"Ban sa ba tukuna."

"To mayar da shi jaka. Kashe intanet ɗin. Kada ki danna tsintsiyar nan, kada ki danna komai. Rufe ta ki hau babur ki zo."

Na same ta a tsakar gida tana tsinke zogale. Ta wanke hannu, ta ɗora kwamfutar a kan kujera 'yar tsugunno, ta kunna. Da jan allon ya fito sai ta kwashe da dariya, ni kuwa kamar in rufe ta da duka.

"Haba Malama, sarkin faɗa," in ji ta. "Ke da kike korar masu tallar magani daga bakin makarantarku, yau ga shi ɗaya ya shigo miki har ɗaka kin shimfiɗa masa tabarma. Ba ki gane shi ba? Mai lasifikar nan ne na ranar kasuwa, wanda yake kallon mutum daga nesa ya ce hantarsa ta ruɓe."

Ta ce in matso in gani da idona. Ta tambaye ni ko ni na nemo shi na sa, na ce a'a. Ta ce to wannan ita ce alama ta farko, mai gyaran gaskiya sai an kira shi yake zuwa. Ta bar shi ya ƙirga dattinsa, ta kashe kwamfutar ta sake kunnawa, ya sake ƙirgawa, lissafin ya sha bamban da na farko alhali ba a taɓa komai ba. Ta nuna mini sunansa, an kwaikwayi na wani sanannen mai gadin kwamfuta an ɗan karkace shi, ga Turancin ma da kurakuran da ba zan yafe wa ɗan aji huɗu ba. Sannan ga gaggawa, yanzu-yanzu, kafin lokaci ya ƙure. Ta ce duk wanda ya hana ka yin shawara, ba alherinka yake nema ba. Da na sa lambar katin, in ji ta, da sun kwashe abin da ke ciki, kuma ba za su gyara komai ba.

"Duk na ji," na ce. "Muryar Inna fa?"

Sai fuskarta ta canza. Inna goggonta ce, a bayanta ta yi wayo. Ta ce ba za ta yi mini alkawari ba. Wasu irinsa ɓoye kaya kawai suke yi don mutum ya firgita ya biya, wasu kuwa lalatawa suke yi, ko su kulle. Sai an duba.

Ta kashe kwamfutar ta tashe ta ta wata hanya, wadda kayanta na asali kaɗai ke farkawa, baƙon nan mai tsintsiya ba ya samun damar motsi. Allo ya fito shiru, babu ja, babu ƙara. Ta shiga wani wuri ta umarci kwamfutar ta nuna duk abin da aka ɓoye. Ni dai ina tsugune a bayanta, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta shiga kasuwa. Ta buɗe ma'ajiyar. Sai ga muryoyin Inna sun jeru, dishi-dishi kamar an shafa musu toka, amma suna nan, daga na farko har na ƙarshe.

Na fashe da kuka, ba kunya ba komai, har maƙwabciyarta ta leƙo ta katanga.

"Ke dalla rufe mana baki, aiki bai ƙare ba," in ji ta, ita ma tana share ido da gefen zani.

Kafin ta taɓa baƙon, sai da ta kwafe muryoyin a ɗan filashinta na ajiye bayanan kwamfuta, ta sake kwafewa a wayata, ta ce daga yau kada in ƙara ajiye abu mai daraja a wuri ɗaya. Daga nan ta shiga jerin manhajojin da ke kwamfutar, ta duba waɗanda suka shigo a kwanakin da take hannun Yaya. Ashe ba shi kaɗai ya zo ba, har da 'yan rakiya. Ta cire su ɗaya bayan ɗaya. Wani ma da za a cire shi sai da ya yi magiya, wai kin tabbata, kwamfutarki za ta shiga haɗari. Ta ce, "Na tabbata, Allah raka taki gona." Ta duba jerin abubuwan da ke tashi da kansu in an kunna, ta tsige sunansa. Ta shiga manhajar da ake hawa intanet da ita, ta tarar ya maƙala wani abu a can, shi ma ta fitar. Sannan ta tashi mai gadin gaskiya, wanda ya zo tare da kwamfutar tun asali, ashe baƙon ya kashe shi. Ta sabunta shi ta sa shi ya bi ko'ina. Ya daɗe yana bi, har muka ci kwaɗon zogale muka yi la'asar. Ya tono sauran ɓurɓushi ya share. A ƙarshe ta sa ni na canza kalmomin sirrina duka.

Na rasa bakin godiya. Na riƙe hannunta ina ta sa mata albarka, ita da 'ya'yanta da 'ya'yan 'ya'yanta. Ta fizge hannun ta ce in bar ta haka, duk wanda ya ji zai ɗauka mutuwa za ta yi. Har yau in na tuna yammacin nan sai na yi mata addu'a, kuma har yau ba ta fasa kirana mai baƙo ba.

Yaya sai daga baya na yi mata bayani, a hankali, na ce in ta ƙara ganin tsintsiya a allo ta rufe shafin ta kira ni. Ta yi salati ta dafe ƙirji, ta kwana biyu ba ta da sukuni. Na ce ta kwantar da hankalinta, waɗanda suka yi abin don masu son tsafta irinta suka yi shi.

Ranar Asabar na shiga motar Gwaram, na ɗauki Yaya, muka hau babura zuwa ƙauye. Gero ya yi tsawo har ya rufe hanya. Mun tarar da Baba a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, a kan buzunsa. Muka durƙusa muka gaishe shi, ya tambayi maigidana da yara da aiki, ya tambayi ruwan Birnin Kudu. Bai tambayi abin da ya kawo mu ba. Da muka shiga ciki ya biyo mu da sandarsa, ya zauna a bakin rumfa.

Na ajiye kwamfutar a kan tabarma na ce, "Baba, ga shi." Na kunna wanda ya zo hannuna.

Aka ji kukan kaza, aka ji ƙarar murfin tukunya, sai ga Inna. Tana cewa kalwa ba ta son gaggawa, in ba ta dahu ta yi laushi ba, ko ka kwana kana surfe ɓawon ba zai fita ba. Tana yi mini faɗa wai hankalina yana kan na'ura ba a kan tukunya ba. Yaya ta cusa fuska cikin mayafi. Baba ya sunkuyar da kai, carbin ya tsaya a hannunsa.

Ana cikin haka Inna ta katse bayanin, ta ɗaga murya yadda takan yi in tana magana da wanda ke waje.

"Malam! Ruwan alwalarka yana hucewa fa."

"To, ga ni nan," in ji Baba.

Har ya kai hannu ya kama sandarsa, ya ɗaga gwiwa ɗaya. Sai ya tsaya. Ya daɗe a haka, Inna kuwa ta koma kan kalwarta. A hankali ya mayar da sandar ƙasa ya gyara zama.

"Auta," ya ce, "mayar da shi baya kaɗan."